Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Shirya wa Shayarwa Tun Kafin Naƙuda Ta Kama

Idan aka bi diddigin matan da shayarwa ta ba su wahala a makon farko na jego, za a tarar cewa kaɗan ne daga cikinsu suka rasa ruwan nono da gaske. Abin da ya fi faruwa shi ne, a ranar haihuwa mai jego tana kwance a gajiye, jaririn yana hannun wasu, kuma waɗannan wasu ɗin ne suke yanke shawarar abin da zai fara shiga bakinsa. Jikin mace yana shirya wa shayarwa da kansa, domin tun wajen wata na huɗu zuwa na biyar na ciki yake fara haɗa dakashi, wato nonon farko, ba tare da ta yi komai ba. Mutanen gida kuwa sai an shirya su, kuma wannan ne ɓangaren aikin da ya fi bukatar lokaci da dabara.

Matakin farko shi ne ki riƙe zuwa awo da muhimmanci, ki kuma mayar da shi wajen tambaya. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na farko a cikin makonni 12 na farkon ciki. A can za a auna jininki da hawan jini, a yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Duk wannan yana da alaƙa da shayarwa, domin macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini takan fito a galabaice, ko ɗaga jariri ma sai ya gagare ta. Idan gwaji ya nuna kina ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, kada ki ɗauka an haramta miki shayarwa. Ƙa'idar da ake bi a asibitoci ita ce uwa ta riƙa shan maganinta kullum ba fashi, ta kuma shayar da nono zalla a watanni 6 na farko, jaririn ma a ba shi nasa maganin kariya. Ki faɗa wa nas duk wani magani da kike sha na yau da kullum, da ko an taɓa yi miki aiki a ƙirji, ki kuma roƙe ta ta duba miki nonon sau ɗaya.

Game da shi kansa nonon, abin da ake bukata kaɗan ne. Ki wanke shi da ruwa lokacin wanka, kada ki dirje kansa da sabulu ko soso, domin ƙananan ƙurajen da kike gani a baƙin da'irar da ke kewaye da kan nono suna fitar da wani maiƙo da ke hana fatar bushewa da tsagewa. Babu bukatar jan kan nono ko murza shi da sunan fito da shi. Girman nono ko ƙanƙantarsa ba shi ne ma'aunin yawan ruwan da zai kawo ba, haka nan ɗigar dakashi lokacin ciki ko rashin ɗigarsa ba ya nuna komai. Ko da kan nononki a shafe yake, yawancin jarirai suna kamawa, saboda jariri naman nonon yake cusawa a baki, ba kan kaɗai ba.

Na biyu, ki san ƙa'idar sosai yadda za ki iya kare ta idan an ja da ke. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsaya a kan abu uku: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a ba shi nono zalla ba ko ɗigon ruwa har ya cika wata 6, sannan a fara ba shi abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Na ukun ba baƙo ba ne a wajenmu, tunda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. Na biyun ne ake tuntuɓe a kansa. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ake ba su nono zalla, alhali kusan kowace uwa tana shayarwa, kuma ruwan sha na cikin manyan abubuwan da ke karya ƙa'idar.

Yanzu sai babban aikin, wato zama da waɗanda za su kula da ke. Ki zauna ki lissafa wanda zai kasance a kanki a kwanaki 7 na farko. Idan cikin fari ne kuma za ki tafi goyon ciki gidanku, to mahaifiyarki da goggonninki ne masu faɗa a ji. Idan a ɗakinki za ki yi jego, surukarki ce, ko wata dattijuwa da za a kawo ta yi miki wanka. Waɗannan mata sun raini 'ya'ya da jikoki, kuma ba za su karɓi gyara daga bakin yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, musamman ranar da gida ya cika da 'yan barka. Don haka a yi maganar tun ciki yana wata bakwai, a keɓe, cikin ladabi, a kuma jingina ta ga asibiti maimakon ga ra'ayinki. Za ki iya cewa, "Hajiya, a wajen awo sun ja mana kunne sosai a kan kada a ba jariri ruwa, sun ce nonon farkon nan ma magani ne. Na ce sai na zo na faɗa miki, tunda ke za ki riƙe shi." Mafi kyau ma ki roƙe ta ta raka ki awo sau ɗaya a ranar da ake yi wa mata bayani, ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta. Dattijuwar da aka girmama aka sa ta cikin shiri ita ce za ta tare ƙofa ta hana wasu ɗura wa jaririn abu.

Akwai batutuwan da ya kamata ku daidaita a kansu ɗaya bayan ɗaya. Na farko dakashi. A wurare da dama ana ganin wannan nono mai kauri, mai launin ɗorawa, a matsayin gurɓatacce, sai a matse a zubar, a riƙe jariri da ruwa ko nonon akuya har kwana uku ana jiran "nono mai kyau" ya zo. Dakashi cike yake da sinadaran kariya daga jikin uwa, yana lulluɓe hanjin jariri, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko, wanda fitarsa da wuri ke rage ciwon shawara. Ƙarancinsa ma ba aibu ba ne, domin cikin jariri a ranar farko abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba.

Sai batun ruwa, wanda a lokacin bazara ya fi komai wuyar shawo kai. Kaka za ta dubi zafin watan Afrilu ta ce babu mahalukin da zai rayu ba ruwa, kuma tausayi ne ya sa ta faɗi haka. Amsar ita ce kusan kashi 88 cikin 100 na ruwan nono ruwa ne, kuma wanda ke fara zuba a farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa. Idan ana zafi, uwa ce za ta ƙara shan ruwa, jariri kuma a ƙara sa shi a nono. Ruwan da aka ba shi da cokali yana cike ɗan ƙaramin cikinsa da abin da ba ya gina jiki, yana rage masa tsotso, sannan yana iya shigar masa da ƙwayoyin cutar gudawa.

Haka nan gwajin nono da ake yi a wasu gidaje, inda ake tatsa a jefa tururuwa a ciki, idan ta mutu a ce nonon ba shi da kyau, ba shi da wani tushe. Tururuwa tana iya nutsewa a kowane irin ruwa. Zuma kuwa kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Idan al'adar gidanku ce a yi wa jariri tahniki da dabino, ku tattauna da malaminku da ma'aikaciyar lafiya tun da wuri, domin shafa ɗan abu kaɗan a ganɗa sau ɗaya daban yake da ɗura ruwan rubutu ko na dabino cokali bayan cokali har kwana da kwanaki. Sannan ku yi maganar wanzami. Cire belu a kwanakin farko yana jawo zubar jini da shigar cuta, kuma jaririn da maƙogwaronsa ke da rauni ƙin tsotso yake yi.

Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda ba a cika kawo ta cikin bayanin asibiti ba duk da tasirinta. Yarinyar da ta yi haihuwar fari takan ji nauyin ɗaukar jaririnta ko ba shi nono a gaban manya, sai ta jira a miƙo mata shi, su kuma manyan ba sa miƙowa sai ya tsala kuka. Kara abu ne mai kyau, amma jaririn da ke bukatar nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare ba zai iya jiran ta ba. Ki nemi wata yaya ko ƙawa da kika saba da ita ta zama mai shiga tsakani, wadda za ta karɓo shi daga hannun baƙi ta kawo miki cikin ɗaki ba tare da kin buɗe baki ba.

Maigida ma yana da nasa aikin, kuma ya kamata a faɗa masa a fili. Shi ne zai iya yi wa mahaifiyarsa maganar da ke ba za ki iya ba. Shi ne zai tanadi kuɗin mota da na asibiti, ya kuma ba da izinin tafiya tun kafin ranar, don kada naƙuda ta kama yana kasuwa a zauna jiran sa. Kuma shi ne zai ƙi sayen madarar gwangwani a daren da jariri ya yi ta kuka wani ya ce nono bai ishe shi ba. Kuɗin gwangwani guda ya fi amfani idan aka sayo wa mai jego ƙwai da wake da kifi.

Bayan mutanen gida, ki duba wajen da za ki haihu. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin asibitoci masu goyon bayan shayarwa, wanda ya tanadi a ɗora jariri a ƙirjin uwa da zarar an haife shi, a bar su ɗaki ɗaya dare da rana, kada kuma a ba shi wani abu ban da nono sai da dalilin likita. Ki tambayi ungozomar asibitin yadda suke yi, ki kuma sanar da ita da mai rakiyarki cewa kina so a goge jaririn a ɗora miki shi tsirara a kan fatar ƙirjinki, a lulluɓe ku tare, a jinkirta wanka. Jaririn da aka bari a haka yakan fara lalubar nono da kansa cikin sa'a guda, tsotsonsa kuma yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ciwon marar da za ki ji lokacin da yake tsotso a kwanakin farko alamar wannan tsukewar ce. Idan tiyata aka yi miki, za ki iya shayarwa da zarar kin farfaɗo kina iya riƙe shi da taimakon wani, kina kwance a gefe ko kin saƙalo shi ta ƙarƙashin hammata don kada ya danne ɗinkin. A cikin kayan haihuwa ki sa riguna masu buɗewa ta gaba da rigar nono ta auduga marar matsewa, amma fida, wato kwalbar ba jariri madara, ba ta da gurbi a jakar.

Kamun nono abu ne da ake koyo, kuma gara ki gan shi da ido kafin naki ya zo. Ki zauna kusa da wata mai shayarwa da kika yarda da ita ki lura. Uwa takan zauna ta jingina bayanta, ta juyo da jaririn gaba ɗayansa ya fuskance ta, cikinsa manne da nata, kansa da jikinsa a miƙe a layi ɗaya, hannunta tallafe da wuyansa da bayansa har ɗuwawu. Sai ta taɓa leɓensa na sama da kan nono, ta jira ya wangale baki sosai, sannan ta jawo shi gare ta da sauri, maimakon ta sunkuya ta kai masa. Idan ya kama daidai, haɓarsa za ta taɓa nono, leɓen ƙasa zai lanƙwaso waje, baƙin da'irar da ya rage a waje zai fi yawa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa, kumatunsa za su cika, kuma za ki ji yana haɗiya a hankali yana ɗan tsayawa. Idan kina jin zafi mai tsanani har ƙarshen tsotso, ko kan nonon ya fito a matse, to kamun bai yi ba. Ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki raba shi da nonon, ku sake. Mafi yawan tsagewar kan nono daga nan take tasowa. Ki bar shi ya gama da ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi, saboda ruwan ƙarshe ne ya fi maiƙo. Kada kuma ki jira kuka. Motsa baki, juya kai da tsotsar hannu su ne alamun yunwa na farko.

Tsakanin rana ta biyu da ta huɗu ruwan nono zai sauko da yawa. Kafin nan ne hankalin kowa ke tashi a ce babu nono, don haka ki riƙe ma'aunin da ba ya ƙarya: daga rana ta biyar jariri ya riƙa jiƙa ƙunzugu aƙalla sau 6 a yini da dare, kashinsa ya juya daga baƙi zuwa ruwan ɗorawa, kuma ɗan nauyin da ya rage bayan haihuwa ya dawo cikin mako biyu. Nono kamar rijiya yake, ɗiba ke sa shi kawo ruwa, shi ya sa shayarwar dare take da muhimmanci, kuma duk cokalin madarar da aka ba jariri ragi ne a abin da jikinki zai haɗa gobe. Amma idan jariri ya ƙi tsotso gaba ɗaya, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa da fatarsa suka yi ɗorawa, asibiti za a nufa nan take, ba a tsaya jiƙa magani ba.

Ki koyi tatsa da hannu kafin a sallame ki. Bayan kin wanke hannu, ki sa babban yatsa a saman baƙin da'irar, manuni a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji, sannan ki matse ki saki, kina zagayawa. Zai yi miki amfani ranar da nono ya cika ya yi tauri har jariri ya kasa kamawa, sai ki rage kaɗan ya yi laushi. Idan wani sashe ya yi ja yana zafi, ga zazzaɓi, ki ci gaba da shayarwa a nonon, ki kuma ga likita a ranar; daina bayarwa ne ke kai shi ga tara mugunya.

Abincin mai jego ba sai na musamman ba. Ki ƙara ƙananan ci biyu a kan abin da kika saba, ki haɗa da wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, nama ko kifi gwargwadon hali, ki ajiye ruwa kusa da inda kike shayarwa. Kunun gyaɗa da fura da nono da ƙauri duk suna da kyau. Inda ake bukatar taka tsantsan shi ne kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da yawan shan kanwa haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Ki roƙi mai yi miki wanka ta sirka ruwan, a rage kanwa sosai, a bar ta gaba ɗaya idan kina da hawan jini. Haki, kumburin ƙafa da tari idan kin kwanta alamu ne na zuwa asibiti. Ranar suna kuma, duk cikar gida, a ware miki ɗakin da za ki riƙa shiga da jaririn, domin nan ne nono ke yini ba a taɓa shi ba ya kwana a sanƙare.

Idan kina aiki ko karatu, ki daidaita batun hutu tun kafin haihuwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da makonni 12 na hutun haihuwa, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa bayan an koma aiki, jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata 6 a 2019, a Nijar kuma makonni 14 ne. Mako biyu kafin ki koma, ki fara tatsa a kofi mai murfi da aka wanke da ruwan zafi, ki koya wa mai reno ba shi da ƙaramin kofi yana zaune a cinyarta, ta kai bakin kofin leɓensa ya lasa da kansa ba tare da ta zuba masa ba. Nonon da aka tatsa yana kai sa'a 4 a inuwar ɗaki, a firiji mai sanyi sosai kuma kwana 4, amma inda wuta ke ɗaukewa gara a yi amfani da na yau a yau. Ba a tafasa shi, ana tsoma kofin ne a ruwan ɗumi.

Kafin arba'in ki koma asibiti a duba ki, ki kuma yi maganar tazarar haihuwa. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan sharuɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi sai a nemi wata hanya, kuma akwai waɗanda ba sa rage ruwan nono, nas za ta nuna miki su. Ki tambaye ta kuma ko akwai ƙungiyar iyaye mata masu shayarwa a unguwarku, ko 'yan sa-kai na lafiya da ke bi gida-gida, ki karɓi lambar wayar ɗaya daga cikinsu ki ajiye a wayarki da ta maigida.